Yadda Ake Zaɓar Kalmar da Ta Dace Cikin Kalmomin Turanci Masu Nufin Gashin Tsuntsu

Ɗalibai masu shirin jarrabawa, da masu aikin fassara, da ma wasu masu kiwon kaji waɗanda ke fama da takardun magani da na abinci da aka rubuta da Turanci, sun sha yi mini tambaya guda ta fuskoki daban-daban: mene ne bambancin *feather* da *plume* da *plumage* da *quill* da *down*, kuma ta yaya mutum zai san wadda zai ɗauka? Tushen ruɗanin a harshenmu yake. Bahaushe yana da kalma ɗaya, gashi, wadda ta haɗa na kan mutum da na jikin tunkiya da na mage da na kaza, kuma ba ya rikicewa domin abin da ya biyo bayan kalmar shi ke fayyace ta. Bature kuwa ya ba kowanne sunansa, sa'annan ya koma kan na tsuntsu ya sake rarraba shi gida-gida. Haddace jerin kalmomi ba ya fitar da mutum daga wannan matsala. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum ya saba yi wa abin da ke gabansa tambayoyi bi da bi, kuma waɗannan tambayoyin ne na jera a ƙasa.

Kayan aiki

Ana buƙatar ƙamus na Turanci zalla irin wanda aka yi domin masu koyo, saboda shi ne yake nuna ko ana ƙirga suna ko ba a ƙirga shi, ta hanyar sa harafin C (ana ƙirgawa) ko U (ba a ƙirgawa) a gefen kalma. Ƙamusan Oxford da Cambridge da Merriam-Webster duk suna da shafuka na kyauta a intanet, har da muryar da ke furta kalma, don haka kuɗin data kawai za a kashe. Ƙamus mai harshe biyu yana da amfani, amma a wannan fanni sau da yawa zai mayar da kai inda ka fito, domin kalmomi huɗu ko biyar duk zai fassara maka su da gashin tsuntsu. Abu na uku shi ne kaza. Ranar da aka yanka kaza a gida, a tsaya a wurin figa, domin kusan duk kalmomin da za mu ambata suna nan a jikinta.

1. Tabbatar da cewa gashin na tsuntsu ne

Na mutum *hair* ne, na mage da zomo *fur*, na tunkiyar da ake saƙa da shi *wool*, na tsuntsu kuma *feather*. Wannan ita ce uwar kalmomin, kuma duk lokacin da mutum ya yi kokwanto ya rasa abin dubawa, idan ya riƙe ta da wuya ya yi kuskuren da zai ba da kunya.

Gargaɗi: kada a rubuta *chicken hair* ko *ostrich hair*. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai, kuma Hausar da ke ransu ce take fitowa a rigar Turanci.

2. Ƙwaya ɗaya ake nufi ko dukan suturar tsuntsun?

Idan gashin da ake magana a kai ana iya tsintarsa a ƙasa a ɗaga shi da yatsu biyu, to *a feather* ne, jam'insa *feathers*. Idan kuwa ana nufin dukan gashin da ya lulluɓe tsuntsu, musamman ta fuskar launi da zane, kalmar ita ce *plumage*. Ɗige-ɗigen fari da ke jikin zabuwa, da sheƙin wuyan tantabara, da bambancin launi tsakanin zakara da kaza, duk batun *plumage* ne. Masana tsuntsaye suna cewa *breeding plumage* ga suturar da tsuntsu ke yi lokacin barbara, da *juvenile plumage* ga ta wanda bai gama girma ba. Balbela misali ce mai sauƙin gani, domin fara ce fat a yawancin shekara, amma idan lokacin haihuwa ya zo sai a ga launi mai kama da ruwan ƙasa ya fito mata a kai da ƙirji da baya.

Gargaɗi: ba a ƙirga *plumage* a maganar yau da kullum. Ba a cewa an tsinci *a plumage*, ba a kuma cewa kaza ta zubar da *three plumages*. Haka nan kalmar ta fi dacewa da tsuntsu mai rai. Tarin gashin da aka share daga bakin murhu bayan figa *feathers* ne kawai.

3. Ɗauki gashin a hannu ka duba sassansa

A ciro dogon gashi ɗaya daga fiffiken kaza a riƙe shi a haske. Gindinsa, wato ɓangaren da ya fito daga cikin fata, ba shi da komai a jikinsa, yana da tauri kamar farce, cikinsa rami ne, kuma haske yana ɗan ratsa shi. Wannan gindin shi ne *quill*. Sandar da ta zarce daga nan har ƙarshe ita ce *shaft*, faffaɗan ɓangaren da ke kowane gefe kuma *vane*. Idan aka ja gefen a hankali za a ga ya tsage ya zama zare-zare, idan aka shafa shi daga ƙasa zuwa sama sai ya sake haɗewa. Kowane zare shi ne *barb*, kuma ƙananan ƙugiyoyin da ke jikinsa ne suke sarƙe shi da maƙwabcinsa.

A kan *quill* ya kamata a daɗe, domin tana da ma'ana uku kuma mai fassara yana iya faɗa wa kowacce. Ta farko ita ce gindin da muka gani, kuma daga nan akan kira dogon gashi mai tauri na fiffike ko na wutsiya da wannan suna. Ta biyu ita ce alƙalamin da Turawa suka yi ƙarni da yawa suna rubutu da shi, wanda ake feƙe gindin gashin fiffiken dinya a tsaga bakinsa a riƙa tsoma shi a tawada, har zuwa lokacin da masana'antun birnin Birmingham suka fara ƙera bakin alƙalami na ƙarfe da yawa a shekarun 1820. Al'adar ba ta mutu gaba ɗaya ba, domin har yau Kotun Ƙolin Amurka tana ajiye irin wannan alƙalami a teburin lauyoyin da suka zo gabatar da hujja. Ma'ana ta uku ba ta da alaƙa da tsuntsu ko kaɗan: ƙayar beguwa ma *quill* ce.

Gargaɗi: alƙalamin da almajiri ke rubutu da shi a allo daga kara ko gamba ake feƙe shi, saboda haka sunansa *reed pen*. Na taɓa duba wani rubutu a kan makarantar allo inda marubucin ya kira shi *quill* daga farko har ƙarshe, ganin cewa duka biyun tsomawa ake yi a tawada. Duk Baturen da ya karanta zai zaci malamanmu da gashin tsuntsu suke rubutu. A kuma kula kada a haɗa kalmar da *quilt*, wato bargo mai cusa, wanda harafi ɗaya ne ya raba su.

4. Idan babu sanda mai tauri, duba ko down ne

Akwai wani gashi mai laushi kamar auduga wanda ke kwance a ƙarƙashin na waje, daf da fata, ba shi da sanda mai tauri kuma zarensa ba ya sarƙewa. Shi ne *down*, aikinsa kuma riƙe ɗumi ne. Shi ne ya lulluɓe ɗan tsako a kwanakinsa na farko, kuma ya fi yawa a ƙirjin tsuntsayen ruwa kamar agwagwa da dinya. Ita ma wannan kalma ba a ƙirga ta. Ana cewa *covered in down*, sifarta kuma *downy*. Ba ta da wata dangantaka da *down* mai nufin ƙasa, kamar yadda gashi na jiki ba shi da dangantaka da gashin nama.

A nan ne bambancin kalma yake zama bambancin kuɗi. Mai shirin tafiya ƙasar sanyi, ko wanda ya shiga kasuwar gwanjo neman rigar hunturu, ya juya rigar ya karanta ɗan ƙyallen da aka ɗinka a ciki. Idan ya ga 90/10, ma'anarsa kashi 90 cikin ɗari na abin da aka cusa *down* ne, kashi 10 kuma *feather*. Yawan na farkon shi ke sa riga ta yi ɗumi ba tare da nauyi ba, shi ya sa ta fi tsada. Wani lokaci za a ga lamba kamar 600 ko 800 tare da kalmomin *fill power*, kuma ma'auni ne na girman wurin da oza ɗaya na *down*, wato kimanin giram 28, ke cikewa idan ya kumbura. Lamba mafi girma ita ce mafi inganci. Hannu ma yana ba da shaida: a matsa rigar ko matashin, idan aka ji 'yan sanduna suna tsira ta cikin yadin, to *feather* ya yi yawa a ciki.

Gargaɗi: *down alternative* ba gashin tsuntsu ba ne, zaren roba ne da aka kwaikwayi laushin da shi. Ita kuma *eiderdown* asalinta sunan gashin wata agwagwar tekun arewa ne, wadda macen take tsige shi daga ƙirjinta ta shimfiɗa a sheƙa, manoman Iceland kuma su tattara shi, amma a Ingila an saba kiran bargo mai cusa da wannan suna ko da babu irin gashin a cikinsa.

5. Tambayi kanka ko don ado ne

*Plume* gashi ne babba, dogo, mai laushi da ɗaukar ido, ko kuma damin irinsa da aka kafa a hula ko a kan doki. Kowane *plume* na tsuntsu *feather* ne, amma ba kowane *feather* ne ya kai a kira shi *plume* ba. Gashin jimina shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Figinin da ake yi wa sarki fifita da shi, da takalmin gashin jimina, waɗanda tarihin Kano ya danganta farawarsu ga Sarki Muhammadu Rumfa, da gashin da ke kaɗawa a saman kwalkwalin 'yan lifidi ranar hawan Sallah, duk wurare ne da kalmar take zaunawa daram. Mai rubuta wa baƙi bayanin hawan daba zai iya cewa *plumed helmets*, figini kuwa *ostrich-feather fan* ya wadatar. A ganina, idan bayani ake yi tsagwaronsa gara a tsaya a kan *feather*, a bar *plume* sai inda ake son mai karatu ya hango ƙawa da kwarjini, domin kalma ce mai ɗan alfarma, kuma amfani da ita ga gashin kazar gida yana sa rubutu ya zama abin dariya.

Masu fassara labarai su lura cewa a jaridun Turanci na yau kalmar ta fi fitowa a ma'anar da ba ta tsuntsu ba. *A plume of smoke* hayaƙi ne da ya turnuƙe ya miƙe sama, kuma lokacin da dutse ya yi aman wuta a Iceland a watan Afrilun 2010 har aka dakatar da zirga-zirgar jiragen sama a yawancin Turai, *ash plume* aka yi ta kiran tokar da ta tashi. Fassarar ita ce turnuƙun hayaƙi ko gajimaren toka, babu gashi a ciki. *Nom de plume* kuma sunan da marubuci ke ɓuya a bayansa ne.

Gargaɗi: harafin ƙarshe yana da muhimmanci. *Plum* ɗan itace ne, kuma wasalinsa gajere ne, alhali na *plume* ana jan sa.

6. Duba wurin da ya fito a jiki

Dogayen gashin fiffike da na wutsiya waɗanda ake tashi da su *flight feathers* ne. Na can ƙarshen fiffike su ne *primaries*, guda 10 ne a kowane fiffiken kaza, na kusa da jiki kuma *secondaries*. A tsohon rubutu da waƙoƙi akan ci karo da *pinion* da nufin ƙarshen fiffike ko fiffiken kansa, amma kanikawa sun san wata *pinion* daban, wato ƙaramin haƙorin inji irin na sitiyarin mota, don haka a duba batun da ake yi kafin a fassara.

A kai kuwa, tukkun alhudahuda ko na gauraka *crest* ne, domin na gashi ne ko makamancinsa. Zankon zakara nama ne, sunansa *comb*, naman da ke reto a ƙarƙashin bakinsa kuma *wattle*. Dogayen siraran gashin wuyan zakara, waɗanda ke miƙewa idan zai yi faɗa, su ne *hackles*, masu lanƙwasa a wutsiyarsa kamar lauje kuma *sickles*. Abin da ɗawisu ke bazawa *train* ake ce masa, kuma gashin da ke saman gindin wutsiya ne ya yi tsawo haka, ainihin wutsiyar gajera ce tana tallafe da shi ta baya.

A koma ga kazar da aka fige. Waɗannan 'yan gajerun tsinke-tsinken da suka maƙale a fata, waɗanda sai an sa farce ko bakin wuƙa ake cire su, sababbin gashi ne da ba su gama fitowa ba, sunansu *pin feathers*. Siraran da suka rage kamar gashin mutum, waɗanda ake babbakewa a kan wuta, su ne *filoplumes*, kuma duk da kamanninsu su ma ba *hair* ba ne.

7. Zaɓi aikatau da ya dace da sunan

Sau da yawa mutum yakan dace da suna ya ɓata jimla da aikatau. Figa *pluck* ce. Idan tsuntsu ya zubar da tsohon gashi da kansa domin sabo ya fito, ana cewa *moult*, wadda Amurkawa ke rubutawa *molt*. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa. Masu kajin ƙwai sun san wannan lokaci, domin ƙwai yana raguwa ko ya tsaya saboda jikin kaza ya karkatar da abincin gina jiki wajen yin sabon gashi. Gyaran gashi da baki da tsuntsu ke yi *preen* ne, kuma idan ɗan tsuntsu ya yi gashin da zai iya tashi an ce ya yi *fledge*, shi kuma ya zama *fledgling*, kalmar da ake ara wa duk wani sabon kamfani ko sabuwar ƙungiya da ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Gargaɗi ga masu kiwo: *feather pecking* a takardar likitan dabbobi yana nufin kaji suna cakar juna suna tsige gashi, abin da cunkoso ko ƙarancin abinci ke jawowa, kuma dabam yake da *moulting*. Haka nan *clip* da *pinion* ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne a rage tsawon *primaries* na fiffike ɗaya da almakashi don kada tsuntsu ya tsallake katanga, kuma gashin zai dawo idan ya sake zubarwa. Sai dai a guji yanke sabon gashin da gindinsa ke da duhu, domin akwai jini a cikinsa. Na biyu kuwa yanke gaɓar ƙarshen fiffike ne, kuma tsuntsun ba zai sake tashi ba har abada. Wanda ya musanya su a fassara ya jawo wa mai dabba asara.

8. Kada a fassara karin magana kalma da kalma

Idan jimla ta ambaci gashin tsuntsu amma babu tsuntsu a zancen, to a tsaya, karin magana ne. *Birds of a feather flock together* ya yi daidai da sai hali ya zo ɗaya ake abota. *Borrowed plumes* tana kusa da zanen aro ba ya rufe katara. *A feather in his cap* wata nasara ce da mutum zai yi alfahari da ita, *to feather one's nest* kuma azurta kai ne da abin da aka ba mutum amana, shi ya sa take yawan fitowa a labaran almundahana. *To ruffle feathers* ɓata wa mutane rai ne, musamman manya. A waɗannan duka ba a musanya kalma da 'yar'uwarta. Wanda ya rubuta *birds of a plumage* ya rushe maganar. A shafin wasanni kuma *featherweight* aji ne na dambe wanda iyakarsa ga ƙwararru laba 126 ce, kimanin kilo 57, kuma a wannan aji ne Hogan Bassey ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya, a birnin Paris a 1957.

9. Gwada kalmar kafin ka miƙa aiki

A rubuta kalmar da aka zaɓa a Google a danna ɓangaren hotuna. Idan abin da ya fito ya yi kama da abin da ke ranka, an dace. Idan ka nemi *quill* domin gashin kazarka sai ka ga tulin alƙaluma da kwalaben tawada, ka san mai karatu ma can hankalinsa zai tafi. Daga nan a duba C ko U a ƙamus domin a gyara *a* da jam'i. Sa'annan a saurari furucin, saboda mu Hausawa harufan p da f suna yawan haɗe mana a baki, kuma a wannan fanni suna canza ma'ana: *pluck* figa ce, *flock* kuwa garke, *plume* kuma ba *fume* ba ce. *Feather* ita ma tana da maƙwabta biyu masu kama da ita a kunne, *father* da *further*, kuma manhajar gyaran rubutu ba za ta ja layi a ƙarƙashinsu ba tunda duka kalmomi ne ingantattu, don haka sai an bi jimlar da ido a karanta ta a bayyane sau ɗaya kafin a tura.